Irin Da Ba Ya Shiga Rumbu

"To ita ciyawar taka, in ta yi fari ai ta nuna ke nan," in ji Lado, yana juya tsire a kan wuta. "Gero ma haka yake yi."

"Mutuwa take yi," Kassimu ya ce. "Na gaya maka tun ɗazu."

"Sau uku ka gaya mini. Zauna mana, kana tare mini masu saye. Ni ban taɓa ganin Badamagaren da rana ta firgita ba sai kai."

Kassimu ya zauna a bakin benci. Bai sha rabin shayinsa ba ya sake miƙewa. Ranar Juma'a ce bayan la'asar, cikin Sha'aban na shekarar 2010, zafin Jidda ya kai inda ko bangon gidajen unguwar Hindawiyya ka dafa sai ka janye hannu. Lado Bakano ne, ya fi shekara ashirin yana gashin tsire a wannan lungu, kuma tun ranar da ya ji Kassimu mutumin Damagaram ne bai bar shi ya huta da tsokana ba.

Kassimu manomi ne, sai dai gonarsa a cikin teku take. Tafiyar awa ɗaya da rabi a mota arewa da Jidda, akwai inda teku ta yi ƙafa ta shigo cikin tudu. Mutanen wurin suna ce wa irin wannan sharm. A nan ake kafa turaku a cikin ruwa, a ja igiyoyi tsakaninsu, a ɗaura ƙananan rassan ciyawar teku a jikin igiyar. Bayan kwana arba'in da 'yan kai kowane reshe ya zama dunƙule, a yanke, a shanya, a cusa a buhu. Wani ɗan kasuwa ke saye ya tura ƙasashen waje, inda aka ce ana tatsar wani danƙo a jikinta a zuba a askirim da man goge baki. Bana zafi ya dafa ruwan. Ciyawar tana yin fari daga tsakiya, ta yi laushi, ta karye ta bi ruwa. Igiya tara kaɗai ta rage da iri mai rai, kuma mai gonar, Abdulghani, yana kwance a gida ba lafiya. Ya riga ya faɗa a gaban 'ya'yansa cewa in irin nan ya ƙare, halas, ba zai sake nemo wani ba.

A wani ƙauye kusa da Matamai aka haifi Kassimu. Shekarun fari sun bi gonar mahaifinsa a jere, har ya zama an shuka sau uku a damina ɗaya ba a ga zangarniya ba. Ya sayar da bijiminsa ya biyo hanya ta Cadi da Sudan da niyyar umra. Ranar da za a ƙetare Bahar Maliya ya kwanta a cikin jirgin ya rufe fuska da rawani, bai yarda ya dubi ruwan ba har aka iso. Ya yi umrarsa a shekarar 1987, bai koma ba. Ya yi wankin mota a unguwar Safa, ya yi dako a Bangala, babbar kasuwar kifi, duk ba iƙama, wato takardar izinin zama, kunnensa kullum a buɗe ko za a ce ga masu kame nan. Ya auri Zaituna, haifaffiyar unguwar Madain Fahd, wadda Hausarta ba ta yin nisa sai ta faɗa Larabci. Suka haifi Rabi'a.

Amma bai taɓa zama daram ba. Duk shekara in lokacin damina ya yi a lissafinsa, sai ka ga yana fita ƙofar gida yana duban gabas, alhali ya san ba hadarin da zai taso. Ya taɓa shuka gero a gwangwanayen fenti a saman bene, tattabarun maƙwabta suka tone shi tun bai tsiro ba.

A Bangala Abdulghani ya same shi, farkon shekarar 2003. Dattijo ne ɗan Jidda, kakanninsa daga tsibiran Jawa suka zo hajji suka zauna. Da ya bar aiki a tashar jiragen ruwa ya kai ziyara can, ya ga yadda danginsa ke noman ciyawa a bakin teku, ya dawo da ɗan iri da babban buri. Ya tsaya yana kallon Kassimu yana ɗaure bakin buhun ƙanƙara da irin ƙullin da ake yi wa damin gero, wanda yake riƙewa tamau amma ja ɗaya ke kwance shi.

"Kai manomi ne?" ya tambaya da Larabci.

"Aiwa."

"Ka iya iyo?"

"A'a."

"Ba komai. Ruwan iya ƙirji ne."

Kassimu ya tarar an riga an ɗaura igiya goma sha biyu. Aikinsa shi ne ya shiga da safe ya girgiza igiyoyin laka ta zube, ya cire ledoji, ya kori kifin sijan da ke kiwo a kan ciyawar kamar awaki a gonar wake. Kwana uku na farko bai wuce inda ruwa ke kai masa gwiwa ba. Amma da ya ga abu yana girma a ƙarƙashin hannunsa, jiya kamar yatsa, yau kamar tafin hannu, sai ya manta da tsoro har zuwa ƙirji. Daga nan kam bai ƙara taki ɗaya ba.

Lokacin girbi na fari ya zo daidai da rasuwar surukar Abdulghani a Madina. Dattijon ya tsayar da wanet ɗinsa, motar a-kori-kura, a bakin sharm, ko kashe injin bai yi ba.

"Ka girbe, ka shanya, mai saye zai zo. Amma ka ware mini iri, mafi kyau. Ka kula da shi, ya Kasim, ba mu da wani."

Ba sai an koya wa Kassimu ajiyar iri ba. Ya bi igiyoyin ɗaya bayan ɗaya ya zaɓi dunƙulen da suka fi kauri da sheƙi. Ya shanya su dabam a kan tabarma mai tsabta, yana juyawa safe da yamma, har suka bushe ƙayau. Ya tankaɗe toka ya barbaɗa musu saboda ƙwaro, ya zuba a sabon buhu, ya rataye a rufin bukka inda ɓera ba zai kai ba. Kwana tara yana jiran a zo a yaba masa.

Da Abdulghani ya dawo ya ga igiyoyi fayau a cikin ruwa, sai ya tsaya.

"Ina irin?"

Kassimu ya hau kan galan ya sauko da buhun, ya kwance bakinsa. Abdulghani ya tura hannu ya fito da shi fari fat da toka. Ya daɗe yana duban hannun. Ya yi wata 'yar dariya, sannan ya zauna a kan yashi. Sai can ya yi masa bayani a hankali: wannan ciyawa ba ta da ƙwaya. Reshe mai rai ake yanka a sake ɗaurawa a ranar, kafin ya bushe. Irinta ba ya barin ruwa.

Kassimu ya kwashi na buhun ya jiƙa a bakin teku, ya kwana biyu yana dubawa. Ya kumbura kamar zai tashi, sannan ya ruɓe. Ya haɗa 'yan kayansa a leda ya je yin sallama.

"Ina za ka?" in ji Abdulghani. "Ni na ce ka ajiye iri, ban gaya maka yadda ake yi ba. Mutumin da ya tankaɗe toka saboda ciyawata, ba zan sake samun irinsa a Bangala ba. Ajiye ledar nan."

Wata tara suka yi suna gyaran turakun da ba komai a kansu, har wani ɗan'uwan Abdulghani ya zo hajji da ɗan dunƙule a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma. Labarin kuwa ya riga ya isa Hindawiyya, daga bakin Kassimu da kansa, don ba ya iya ɓoye abu. Tun daga ranar Lado ya raɗa masa Mai Toka, sunan kuma ya bi shi.

Daga wannan dunƙule gonar ta tashi. Igiya ta zama arba'in, ta zama ɗari, har ta haura ɗari uku. Ranar ɗauri wanet kan ɗebo Zaituna da matan unguwa, su zauna a inuwar rumfa da manyan robobi, hannu yana aiki baki yana aiki. Kassimu ne ya koya musu ƙullin dami. Shekarun nan ne kaɗai Zaituna ta ce ta ga mijinta ya ci abinci a zaune har ya gama.

Sannan abubuwa suka fara matsowa. Masu gina gidajen shaƙatawa suka ja katanga daga kudu, kowace shekara tana ƙara kusantowa, ƙananan jiragensu masu gudu suna tsinka igiyoyi. Da aka yi ruwan sama mai yawa a ƙarshen 2009, Kassimu ya tsaya a cikinsa yana hamdala, bai san ruwan daɗi da ya gangaro cikin sharm zai kashe masa rabin gona ba. Abin da ya tsira kuma ga zafin bana yana cinyewa.

"Kwaso ta ka kawo firjin Zaituna," in ji Lado, yana barbaɗa yaji. "Ko in ɗebar maka toka, ga ta nan kyauta. Kai da kake cika mana baki tsohonka ya fi kowa iya ajiyar iri a ƙasar Damagaram."

"Ya fi kowa kuwa. Bakano me ya sani ban da awo? Tsohona ko a shekarar da gobara ta ci rumbunmu bai rasa iri ba, don bai taɓa..."

Bai ƙarasa ba. Ya ajiye kofin a kan benci.

Mahaifinsa bai taɓa tara iri wuri guda ba. Wani a rumbu, wani a rataye saman murhu inda hayaƙi ke bugunsa, wani kuma ya ɗora a jaki ya kai wa ƙanwarsa a wani ƙauye. Shekarar gobara na wurin gwaggo aka shuka. Shi kuwa ga igiyoyinsa tara a jere, a ruwa ɗaya, rana ɗaya tana dafa su.

"Bai taɓa me ba?" Lado ya tambaya. Kassimu ya riga ya kai bakin titi.

A Safa ya tarar da Abdulghani a jingine da matasai, ƙafarsa a kumbure, na'urar sanyaya ɗaki tana ta gurnani. Kassimu ya ƙi zama a kujera, ya tsuguna a bakin gado.

"Ammi," ya ce, wato kawu da Larabci, "ina so in raba igiyoyin irin nan. Uku su zauna inda suke. Uku in kai inuwar tsohuwar gadar nan ta masunta. Uku kuma bakin sharm, inda ruwa ke da zurfi. Saleh masunci ya ce ƙasan wurin da sanyi."

"In ka taɓa su a zafin nan suna iya mutuwa a hannunka."

"Suna mutuwa ko ban taɓa ba."

"Bakin sharm gaba biyar ne, ya Kasim. Sai da jirgi. Kai da shekara bakwai ban ga ruwa ya taɓa maka wuya ba."

Kassimu ya murza hularsa.

"Na kashe maka iri sau ɗaya da hannuna," ya ce. "Ba na so in tsaya ina kallo na biyu ya tafi."

Abdulghani ya lumshe ido. "Ka tafi da wanet. Ka gaya wa direba ni na ce. Kada su wuce rabin awa a waje, ka rufe su da jiƙaƙƙen buhu."

Zaituna ba ta karɓi maganar da sauƙi ba.

"Abu Rabi'a, inta majnun? Ko a baho ba ka sa kanka a ruwa. Saboda hashish, ciyawa kawai?"

"Ba hashish ba ce, iri ne."

"Iri ne, tayyib. In ka nutse irin zai zo ya yi mana cefane?"

Ta shiga kicin tana ta faɗa rabi Hausa rabi Larabci. Da ta fito tana riƙe da galan biyu na man girki da ta wanke, ta toshe bakinsu da leda, ta haɗa su da igiyar shanya.

"Ka ɗaura a ƙugu, su hana ka nutsewa. Kuma da ƙullinka na gero, ba na Saleh ba."

Da safe Saleh ya kawo jirginsa. Masunci ne mutumin Jizan, siriri, ya daɗe yana kamun kifi a sharm ɗin. Da ya ga Kassimu da galan biyu suna lilo a ƙugunsa sai ya juya baya yana gyaran injin da ba abin da ya same shi, kafaɗunsa suna rawa.

Suka fara kai uku ƙarƙashin gada, wannan da ƙafa ake zuwa. Sannan Kassimu ya kwance uku da suka fi sauran duhu, ya naɗe a roba, ya rufe, ya hau jirgi. Ya zauna a tsakiya ya kafa ido a kan yatsun ƙafarsa. Ruwan da ya saba gani kore, ana hango yashi a ƙasansa, ya koma shuɗi mai duhu. Jirgin yana tashi yana sauka.

"Nan ne," in ji Saleh. "Yalla, ya amm. Ni zan riƙe jirgi, kai za ka ɗaura. Ban iya ƙullinka ba."

Suka jefa duwatsun da aka ɗaura wa igiya, aka bar robobin ruwa suna yawo a sama don alama. Dole igiyar iri ta zauna a zurfin gaba ɗaya da rabi, dole kuma wani ya sunkuya ya tura hannu har kafaɗa ya ƙulla ta kafin a sake ta. Kassimu ya yi bisimilla ya kwanta a gefen jirgi. Fuskarsa ta kusa taɓa ruwa, ya ga babu ƙasa, sai duhu yana tafiya. Ya rufe ido ya bar yatsunsa suka yi aikin da suka sani. A sama ruwan ɗumi ne kamar na wanka, amma can wajen yatsunsa ya ji sanyi-sanyi. Sau shida ya yi haka. Da suka dawo tudu ya zauna a yashi da galan ɗinsa har aka kira azahar.

Azumi ya kama. Na wurin da suka saba suka ƙare a mako guda, ya tarar da igiya tsirara sai 'yan farare-farare a jikin ƙulli. Na ƙarƙashin gada suka yi kwana ashirin suna ba shi rai, sannan garken sijan ya gano inuwar, ya share su cikin yini biyu. Saura na zurfi, waɗanda ba ya iya gani. Abdulghani ya ce kada a ɗaga su sai iska ta juya. Kassimu kan tsaya a bakin ruwa da ƙishin azumi yana ƙirga robobin da ke lilo a nesa, ya je bukka, ya dawo ya sake ƙirgawa. Wata safiya ya ga biyu sun ɓace, jirgin 'yan shaƙatawa ya bi ta kai, igiya ɗaya ta tafi ke nan. Ranar bai iya shan ruwa da kirki ba, dabino ɗaya ya ci ya tashi. Lado ma da ya ga fuskarsa bai ce Mai Toka ba, ya dai naɗe masa tsire ya ce a kai wa Rabi'a.

Kwana goma sha biyu bayan Sallah iskar arewa ta fara kaɗawa da safe. Ya ɗaura galan ɗinsa, suka fita da Saleh. Igiya ta farko da suka jawo ba komai a kanta sai gansakuka. Ta biyu ta fito da nauyi. Ciyawar ba ta yi wani girma ba, dunƙulen ba su fi ƙwan kaza ba, wasu ƙullin ma wayam. Amma launinta ja-ja ne mai duhu. Kassimu ya tsinke reshe ɗaya da farce, ya ji ya karye ƙas, cikinsa da ruwa, ba laushi. Ya sake gwada wani. Ya zuba ruwan teku a roba ya shiga kwancewa.

A tudu ya kira Abdulghani a waya.

"Ammi, igiya ɗaya ta rayu."

Dattijon ya gyara murya.

"Nawa za ta bayar?"

"In na yanka ƙanana, igiya bakwai. Ko shida."

"Wanda aka kawo mana a tsumma bai kai haka ba." Ya yi tari. "Yarana sun ce masu katanga sun sake zuwa da takardar a tashi. Ban sani ba ko za mu kai baɗi a wurin, ya Kasim."

"To. Zan dai raba su, biyu-biyu. Zurfin nan kuma ba zan bar shi babu iri ba."

"Raba. Amma ka ji, kada ka sa musu toka."

Kassimu ya yi murmushi ya kashe wayar. Rana ta fara ɗagawa, ruwan robar ba zai daɗe da sanyinsa ba. Saleh ya ɗaga butar shayi ya ce ya zo ya kurɓa tukuna.

"Sai na ɗaura," ya ce.

Ya jawo robar zuwa inuwar jirgi, ya rufe ta da jiƙaƙƙen buhu, ya nufi bukka ɗauko wuƙa da sababbin igiyoyi, galan biyun suna bugun ƙugunsa, ya manta bai kwance su ba.